Giyar Tasi'u tana nan a ƙusa

Tasi'u ɗan Ya'u na Dugabau, ƙarya ka yi wa Malam Hambali, kuma a kan idona aka yi komai.

Ni ce Gwaggo Asta mai fura. Shekara ashirin da biyu ina ajiye ƙwaryata a gefen rumfar Malam Hambali bakanike a Kabo, don haka abin da zan faɗa ba labari aka ba ni ba.

Hantsi bai taɓa riga Malam zuwa rumfar nan ba. Zai share ƙasa, ya shimfiɗa buhu, ya jera sifanu daga ƙarami zuwa babba, sannan ya leƙo ƙwaryata.

"Gwaggo, yau ma ruwa ne, ko an tuna da gero?"

"Sha ka yi mini shiru."

Tsofaffin baburan nan masu dogayen ƙafafu, irin na malaman gona na da, masu shiga laka da burji, su ne aikinsa. In an kawo wanda giyarsa ke gardama, ba ya gaggawar buɗe inji. Takalmin hagu na mai babur yake fara duba. Sai ka ji ya ce, "Kai dukan giya kake yi, ba sa ta kake ba." Daga nan ya ja wayar kuloc, ya girgiza libar giya ko ta yi lako-lako, ya murza mai tsakanin yatsunsa. Na ga ranar da Badaruddeen na Mainika ya kawo nasa a kan amalanke, wai an ce masa a Gwarzo sai an sake inji. Malam ya ɗaure waya guda, ya ce, "Hau ka tafi, shanunka su huta."

Yana da wata al'ada. Duk ƙarfen da ya cire, sai ya damƙa wa mai shi a hannu. In ka ƙi karɓa, ya ɗaure ya rataye a ƙusa har ranar da za ka waiwayo.

Da damina Tasi'u ya zo, wai in ya ɗauko taki, giya ta biyu sai ta fice da kanta a tsakiyar hawa. Wannan kam sai da aka buɗe. Malam ya ciro giyar, haƙoranta sun side kamar bakin tsohuwar muciya, ya nuna masa, ya sa sabuwa. Ya ce, "Ka riƙa kama kuloc. Kuma baƙin man injin niƙa da kake zuba mata, ka bari."

Tasi'u ya yi dariya. "Baba, riƙe tsohon ƙarfenka ka yi laya da shi."

Malam ya tsinko shuɗiyar igiya daga buhun takin Tasi'u, ya ɗaure giyar, ya rataye.

Tasi'u bai bar halinsa ba, giya ta sake lalacewa. Maimakon ya dawo, sai ya bi majalisa-majalisa, har da naɗar murya a waya, wai Malam ya sace masa lafiyayyar giya ya sa masa ruɓaɓɓiya. Mutane suka janye, yanzu a yini babur biyu kacal ke tsayawa a rumfar. Shekaranjiya Malam ya ce mini in an gama girbi zai naɗe buhunsa ya koma gona. Bai ambaci sunan kowa ba. Ni zan ambata.

Malam Hambali, kai ne mai jin ciwon inji tun daga bakin titi. Kai ne ka sa babur ɗin Malama Zulaiha ungozoma bai taɓa kwana a rumfa ba, don ka san wata na iya jiran ta a ƙauye. Hannunka baƙi ne da mai, amma ko ƙusar wani ba ta taɓa manne masa ba. Na gode, mutanen ƙauyukan nan sun gode, Allah ya saka maka. Ku masu gyara na yanzu da ke wargaza inji kafin ku gaisa da mai shi, ku zo ku zauna ku ga yadda ake yi, tun rumfar tana nan.

Kai kuma Tasi'u, ba zan zage ka ba, na ci abinci a gidan uwarka. Lafiyayyar giyar da ka ce an sace tana rataye a ƙusa ta uku, da igiyar buhunka. Ranar kasuwa ka zo bayan la'asar, lokacin da mutane suka cika. Ka sauke ta da hannunka, ka ɗaga kowa ya ga haƙoranta, sannan ka buɗe wayar nan taka ka faɗi abin da ka gani. In ba ka zo ba, ni zan kunce ta in sa a ƙwaryata, in kawo wa babanka har Dugabau, ka amsa a gabansa.