Bassu Mai Binne Mutane da Ransu

Ƙanena Bassu, sana'arsa binne mutane da ransu. Idan zafi ya tsananta a Marzuga, garinmu na bakin hamada, masu ciwon gaɓɓai kan zo daga Fas da Kazablanka. Sai ya haƙa musu rami a yashi mai zafi, ya rufe su har wuya, ya kare musu kai da mayafi. In gumi ya karyo, ya tono su, ya naɗe su a bargo, ya miƙa musu shayi.

Ashe shi ma ciwon na jiransa. Yatsunsa suka karkace, har kofin shayi sai da hannu biyu.

"Mai magani, ina naka maganin?" nakan ce.

"Yaya, bakinki ya kamata a binne, ba ni ba."

Sai tari ya zo, busasshe, ba majina. Muka ce ƙura ce. Haka muka ce a kan mahaifiyarmu, ita ma mai karkatattun yatsu, har tarin ya tafi da ita. Wa zai haɗa yatsa da ƙirji?

Wata rana ya nace in binne shi da kaina. Ina zuba yashi yana zolayata wai ban iya ba. Da na kai ƙirji, sai numfashinsa ya sarƙe, leɓɓansa suka yi baƙi. Na tono shi da hannu, ina zagi ina kuka.

Likitar da muka kai shi wurinta a garin Rashidiyya ta ce ciwon ɗaya ne: wanda ya lanƙwasa yatsun shi ya shiga huhu ya ƙeƙasar da shi. Da mun zo da wuri, da an rage masa gudu.

Bassu ya dawo da tulun iska da roba a hanci. Shebur ya gagare shi, amma bai bar bakin rami ba. Duk baƙon da ya zo, sai ya sa shi ya hau tudu ya sauko. In ya ji haki ko tari, ya ce, "Ɗan'uwa, asibiti tukuna, yashi na nan."

Sauran masu binnewa suka ce yana kore musu baƙi. Na ce su zo su faɗa a gabana. Ba wanda ya zo.

Lokacin girbin dabino Bassu ya rasu. Kafin nan ya sa na rantse zan kai 'yarsa Itto, wadda yatsunta suka fara kumbura, a duba mata ƙirji. Ta ce ita ba ta tari. Na ja ta har mota. An ga tabo ɗan ƙarami a huhunta, an fara mata magani.