Kogon da Ba a Amsa Kira

Ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe abin ya fara rikice mini. Na san lokacin ne don na duba agogona kafin in tsaya kallon bangon.

Hutun makaranta na zo, na bi gwaggona da maƙwabtanta biyu zuwa kogon da ke bayan gonakinmu, inda suke haƙo farar ƙasa ta shafen ɗaki. Su aiki ya kai su. Ni tarihin wurin nake nema, don duk wanda na tambaya a garinmu Kamarawa sai ya ce kogo ne kawai, yana nan tun kakanni.

A bangon na ga ɓawon katantanwa, ƙanana, manne cikin dutse. Me ya kawo abin ruwa nan? Ina ta haska su da tocila ina shafawa. Da na juya, babu kowa, hanya kuma ta rabu biyu.

"Gwaggo!"

Shiru. Ga shi kuwa na ji tarin ɗaya daga cikinsu, kusa sosai. Na sake kira. Sai aka fara buga dagi a jikin dutse, ƙarar tana zuwa ta ko'ina. Na bi dama, rufin ya yi ƙasa, jemagu suka taso mini. Na koma baya, ko dai na zaci baya na koma. Tsokana ce? Laifi na yi? Ko masu bugun ma ba su ba ne? Na zauna ina kira har muryata ta dushe.

Can sai hannu ya kama tsintsiyar hannuna. Gwaggo ce. Ta ja ni har muka fito rana.

"Ashe kina da murya!" in ji ɗaya daga cikin maƙwabtan. "Mu da munka ɗauka sai littafi kike yi ma magana."

Ban yi dariya ba. Na ce, "Gwaggo, kuna jina. Don me ba ku amsa ba?"

Ta sauke ƙwaryarta, ta kakkaɓe farin da ke zanenta.

"Zamanin yaƙi, nan mutanenmu ka ɓuya. Mahara su tsaya bakin kogo suna kira da murya irin ta gida: Inna, Baba, ku fito, sun tafi. Wanda duk ya amsa ya jawo a kashe shi da na kusa da shi. Tun sannan ba a amsa kira cikin nan. Ko ke ta, ɗiyata, sai dai in biɗo ki da hannu."