Ranar da Kwamfutar Kawu Ta Ƙi Tashi

Ko da zan manta da komai na ƙuruciyata a Limancin Kona, ranar da kwamfutar Kawu ta ƙi tashi ba za ta bar raina ba. Farkon ganina da ita a shagon zauren gidanmu ne, fara sol a kan tebur, fuskarta na walƙiya. Ni kuwa a lokacin budurwa ce da littattafan soyayya suka cika wa kai, sai na ga kamar wata amarya ce aka kawo daga nesa, ba ta jin Hausa.

Kawu ne ya saye ta da ya yi ritaya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ya damƙa wa Yayana don ya riƙa buga wa mutane takardu. Wannan shago shi ya sa mahaifin yarinyar da Yaya yake so ya amince, bayan ya daɗe yana cewa ba zai ba mara sana'a 'yarsa ba. Ni ce 'yar saƙonsu, don haka nake ganin soyayyar kamar ni na rubuta ta.

Wata Asabar Kawu ya tafi Kaduna, zai dawo da yamma. Ina tsakar gida ina ɗinkin hula Yaya ya leƙo, fuskarsa duk gumi.

"Auta, zo."

Na tarar da kwamfutar a buɗe, cikinta a waje. Ashe wani abokinsa ɗan jami'a ne ya ce masa akwai wasu 'yan robobi baƙaƙe, ba su fi ƙwayar shinkafa ba, da ake kifawa a kan wasu tsinkayen ƙarfe a allon ciki. In ka canza musu wuri, ƙwaƙwalwar kwamfutar, wadda suke kira furosesa, sai ta yi gudun da ya fi wanda aka ƙera ta da shi. Yaya ya matsar da ɗaya, ta ƙara sauri, daɗi ya kama shi. Ya matsar da wasu. Da ya kunna, fankar cikinta ta juya, fuska ta tsaya baƙi ƙirin. Cikin ruɗewa ya cire wannan, ya soke wancan, har ya rasa inda ya faro.

"In Kawu ya ga wannan, shago ya rufe," in ji shi. "In shago ya rufe kuwa, kin san sauran."

"To ai sai ka rubuta wa masoyiyar taka wasiƙar bankwana, ni zan zaɓa maka kalmomi masu sa kuka."

"Auta, wallahi ba wasa nake ba."

Sai na daina tsokanarsa. Ban san kwamfuta ba, abin da na sani shi ne yadda Inna ta koya mana hula. In zare ya kauce, ba a ci gaba, ba a kuma fizge shi gaba ɗaya. Warwarewa ake yi da baya-baya, ɗinki ɗaya bayan ɗaya, har a iso inda yake daidai.

"Me ka taɓa na ƙarshe?" na tambaye shi.

Ya nuna wata faffaɗar waya. Na ce ya mayar. Kafin ita fa? Wani siririn katako mai kore da ya zare ya sake sokawa, ashe bai zauna sosai ba. Ya danna shi har ya ce ƙas. Duk abin da muka mayar sai mu kunna mu gani, mu kashe, mu cire wuta. Shiru. Haka muka bi har muka iso kan 'yan robobin, a nan Yaya ya dafe kai.

"Ban tuna inda suke ba."

Na ce ya ɗaga akwatin kwamfutar zuwa bakin ƙofa inda haske yake. Mai ɗinki ta san cewa ko an zare zare, yadi ba ya ɓoye inda allura ta bi. Na ƙura ido. Tsinkayen da suka daɗe a buɗe sun yi dishi-dishi, amma wasu bibbiyu suna sheƙi kamar sababbi, don su ne robar ta rufe tun daga kamfani.

"Ga gidajensu nan," na ce.

Yaya ya duba 'yan lambobin da aka rubuta a jikin allon, ya ce sun yi daidai da abin da idona ya gani. Yatsunsa sun yi kauri, don haka na ɗauko matsefatar Inna, na riƙa ɗaukar robobin ina mayar da kowace gidanta. Ya yi bisimilla ya danna. Fanka ta juya. Sai muka ji 'yar ƙarar nan guda, fararen rubutu suka fara gudu a fuskarta.

Yaya ya zauna a ƙasa. Ya dube ni ya ce, "Ashe akwai wani abu a kan nan ban da su masoyi da masoyiya."

Da Kawu ya dawo bayan la'asar, Yaya da bakinsa ya faɗa masa komai. Kawu ya yi faɗa son ransa, sannan ya juyo ya dube ni ya ce daga Litinin in riƙa zama a shago in koyi bugu. Na koma cikin gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

An ɗaura auren bayan Sallah. Yau Yaya yana da babban shagon gyaran kwamfuta kusa da Ƙofar Doka, furfura ta cika gemunsa, 'yarsa ta fari ma ta yi aure. Yaran da yake koya wa aiki na yi masa tsegumin cewa ba ya barin mutum ya taɓa abu biyu a lokaci guda. Ni kuma abin da ranar ta koya mini shi ne, in al'amari ya rikice, kada tsoro ya sa ka ƙara dagula shi. Ka koma baya a hankali, za ka tarar da inda ka kauce.