Dutsen Gulshad

Duk wanda ya tashi a kwarinmu, can sama da Mastuj, ya san a-kori-kurar Zarmast. Shuɗiya ce a da, yanzu kam sai ka yi dogon nazari kafin ka ce ga launinta. Ta girmi 'ya'yansa duka. Ta kwashi dankali da itace, ta kai amare, ta kai gawa. Injinta lafiya lau, ko a tsakiyar sanyi ba ta gardama. Birkin ne dai sai a hankali. In ka taka, sai ta yi shawara tukuna.

Shi ya sa take yawo da dutse. A hanyar garinmu akwai wata kwana da mota ba ta iya sha a bugu ɗaya. Sai ka tsaya a tsakiyar hawa, ka ɗan ja baya, ka sake miƙewa, ga rami a bayanka wanda ko kogin da ke ƙasansa da ƙyar kake hangowa. Sauran direbobi yaran mota ke sa musu waigi. Shi Zarmast matarsa ce, Gulshad. Tun tana amarya ta tsinci dutsen a bakin kogi, mai faɗi ta gefe ɗaya, ta ɗora shi a cinya. Da an iso kwanar, kafin ya buɗe baki ta dire, ta cusa shi bayan taya, ta bugi jikin motar da tafin hannu, alamar ya ja. Mata sun yi gulma har suka gaji. Ita dai cewa take ba za ta ba wa ɗan wani ajiyar ran mijinta ba.

Bara da kaka gwiwoyinta suka ƙi. Ɗansu Nayab ya zo daga Peshawar ya tafi da ita asibiti. Aka yi aiki, ta tashi, amma da sanda. Da Zarmast ya yi zancen dawowarta a waya, sai yaron ya murje ido.

"Baba, ka yi haƙuri, Mama ba za ta sake hawa motar nan ba sai ranar da motar za ta iya tsayuwa da kanta. Na san halinta, tana ganin kwanar za ta dire. In ba haka ba, ta zauna nan wajena."

Garinmu kuwa ba motar haya da ke hawa shi. Ko motarsa, ko ba Gulshad.

Wayyo, gidan ya yi masa faɗi! Ya dafa shayi mai gishiri ya ji ba gishiri, ya ƙara ya yi yawa. Gurasar maƙwabta ce, ba laifi, amma ba tata ba ce. Har faɗanta yake kewa, mutumin da ya shekara yana ce mata rediyo. Dutsen yana nan a kujerarta, in ya shiga motar sai ya kawar da kai.

Da dusar ƙanƙara ta narke ya sayar da maraƙinsa, ya sa aka aiko masa da kaya daga 'yan gwangwan na birni: faifan ƙarfe na ƙafafun gaba, katakon birki, sabuwar tukunyar man birki, da wayar birkin hannu. A tsakar gida ya ɗaga motar, ƙarƙashin itacen tuffa, ya tokare ta da gungumen icce. Tsofaffin notuna sun ci tsatsa, sai da ya yi ta jiƙa su da kananzir yana lallaɓa su kamar marasa lafiya. Ramukan faifan ba su dace ba, ya ɗauka a kafaɗa har Mastuj aka sake huda masa. Hannunsa duk ya farfashe, ko a jikinsa.

Sai aikin da mutum ɗaya ba ya yi: fitar da iska daga bututun mai. Dole wani ya zauna yana taka birki, kai kuma kana kwance a ƙasa kana buɗe ɗan noti kana rufewa. Ya kira maƙwabcinsa Mir Ajab, tsohon soja mai bakin tsiya.

"Yaya, ƙafar motar kake gyarawa ko taka?" in ji Mir Ajab. "Kai ma ai ka kai a ɗora ka kan gungume."

"Taka ka rufe min baki. Taka! Riƙe!"

"Na riƙe."

"Ka riƙe ina? Soja guda, ƙafa kamar ta kaza! Maman Nayab, riƙe mana!"

Ashe sunan matarsa ne ya suɓuce masa. Zarmast ya daɗe a ƙarƙashin motar bai fito ba, mai yana ɗiga masa a hannun riga. Mir Ajab, duk tsiyarsa, sai dai ya danne birkin da duk ƙarfinsa har aka ce ya saki.

Ran da aka gwada, Mir Ajab ya ɗauki hoton motar a waya tana tsaye ƙyam a kan gangara ba waigi, aka tura wa Nayab. Sati na zagayowa Gulshad ta sauka a tashar Mastuj. Ta rame, ta yi fari. Ta dubi Zarmast sama da ƙasa ta ce, "Baban Nayab, wa ya wanke maka rigar nan? Akuya?" Daɗi ya kusa kashe shi.

Ya ɗaga ta ya sa a kujera. Ya manta bai cire dutsen ba, ita kuwa ta jawo shi kan cinyarta ba tare da ta ko duba ba.

Suka iso kwanar. Ya taka, ya ja birkin hannu, motar ta kafe kamar an dasa ta. Ya juyo yana washe baki, yana jiran yabo. Sai ya ga hannunta ɗaya a kan marfin ƙofa, ɗayan a kan dutsen. A hankali ta saki ƙofar.

"Ta iya tsayuwa," in ji ta. "To madalla. Ni kuma sai zama."

Murmushin ya mutu a bakinsa. Watanni yana kwance a ƙasa don ta dawo, bai taɓa kawo wa ransa cewa aikinta yake kwancewa ba.

Ya kashe injin. Ya fito, ya zagayo, ya karɓi dutsen daga cinyarta. Ashe haka yake da nauyi? Shekaru nawa, bai taɓa ɗaga shi a wannan wurin ba. Ya durƙusa bayan taya, ya ɗaga murya.

"Maman Nayab, ni fa ban yarda da sabon abin nan ba. Yaya ake sa shi?"

Ta leƙo ta taga, idonta jajir.

"Ba haka ba! Faɗin ne ƙasa. Juya shi, kai dai ba ka iya komai ba."

Ya juya shi. Ta miƙo hannu waje, ta bugi jikin motar.