Ƙwaron da Ya Sa Na Baro Ɗiyata a Faransa

Muna idar da sallar asuba muka bar Deira, unguwarmu a Dubai, ni da maiɗakina, zafi har ya fara lasar wuya. Awa bakwai muka yi a sama, daga Paris kuma jirgin ƙasa ya yi gabas da mu. A tasha na sayi shayi yuro uku, na tuna karak, shayin madararmu na unguwar Naif mai dirhami ɗaya, sai na riƙa kurɓarsa kamar magani.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ɗiyata ta fari ke karatun ƙwari a can, ni kuma na gaji da dariyar abokan kasuwa. Na je ne in ce mata khalas, ya isa haka, ta dawo ta riƙe mini shagon takalma.

Kwana biyu na kasa buɗe baki. A na uku ta ce mu raka ta daji da safe. Wuri ne mai sanyi da dogayen itatuwa, ƙasa duk ruɓaɓɓen ganye, ƙafa na nutsewa. Ta durƙusa gaban wani tsohon kututture, ta ɗaga shi a hankali.

"Baba, matso ka gani."

Baƙin ƙwaro ne, tsawonsa bai kai rabin yatsa ba. Da hasken rana ya taɓa shi sai gefen bayansa ya ɗauki shuni yana sheƙi, sak rawanin ɗan Kura da ya sha bugu. Shekara ashirin ina zaɓen fata, ban ga mai wannan ƙyalli ba. Ƙafafunsa dogaye, baki kamar awartakin maƙeri.

Ta ce ba ya tashi sama, gudu ne nasa. Da rana yana kwance ƙarƙashin itace, in duhu ya yi ya fito farautar tsutsar ƙasa da dodon-koɗi, har irin marar ƙwanson nan mai cinye wa manoma shuka. Na kai hannu na ɗauke shi, ya feso mini wani ruwa mai wari. Har la'asar maiɗakina na ja da baya in na matso.

"In aka kwashe matattun itatuwan nan ba shi da makwanci," in ji ɗiyata. "Aikina shi ne in nuna wa masu kula da dajin inda yake, su bar masa." Ta mayar da kututturen daidai yadda ta same shi, hannunta duk laka. Ban taɓa ganin ta a natse haka ba.

A hanyar komawa ta ce, "Baba, Mama ta ce da magana ka zo."

Na ce, "Ba komai. Ki dai riƙa sa rigar sanyi."

Ranar Juma'a muka sauka Dubai. A jirgi na gane shekara huɗu na yi ina jin kunyar abin da ban taɓa tambayar ta a kansa ba. Washegari ina buɗe shago, maƙwabcina Bakano ya leƙo.

"Alhaji, ba ka taho da ita ba?"

Na ce masa, "Tana da aiki."