Gwangwanin da na so in dafa shayi a ciki

Har na ɗora gwangwanin ruwa a wuta a bakin kanal, a gonar shinkafar Baba Sale da ke Bunkure, sai tsohon ya sa sanda ya ture shi.

"Malam, shayi za ka sha ko asibiti za ka?"

Na ce ai na karanta, tafasa tana kashe ƙwayoyin cuta.

"To, da gwangwanin nan muke auna maganin feshi. Littafin naka ya ce wuta tana kashe shi?"

Ya ɗauko baƙar butarsa ta ƙarfe, ya daidaita ta kan duwatsu uku, ya bar ruwan ya tafasa sosai.

Na sha shayina shiru, da digirina da komai. Ku fa, wa ya taɓa ceto ku daga karatunku?