Simintin Ɗakin Kakata

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙen siminti sai raina ya ɓaci.

Ina 'yar firamare lokacin, zamanin Jihar Arewa maso Gabas, muna zaune a Adarawo cikin Yola. Ɗakin kakata daɓen ƙasa ne, a ƙofarsa kuma ana baza farin yashin Binuwai. Idonta ya yi rauni, amma tafin ƙafarta ya san kowane tudu da kwari na ɗakin nan.

Sai Bappa, yayan babanmu, ya samu ƙarin girma a ofishinsu na Jimeta. Ya ce uwarsa ta gama kwana a kan ƙasa. Magina suka kwashe yashin, suka zuba siminti, suka yi ta shafa shi har yana ƙyalli kamar faranti. Maƙwabta suna ta zuwa kallo suna yaba masa. Ita ba wanda ya tambaye ta.

Ba za ta yi magana ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta kushe kyautarsa. Amma ni da nake kai mata buta na ga ta fara bin bango. Na ga tana laluba ƙasa da babban yatsa kafin ta taka. Har ruwa ta rage sha don kada ta yawaita fita.

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na daure na ce, "Bappa, wurin nan akwai santsi."

Ya kwashe da dariya. "Ashe muna da injiniya a gida!"

Goggo, ƙanwar babanmu, ta harare ni. "Rufe mana baki, marar kunya."

Farkon damina yayyafi ya jiƙa bakin ƙofar, kakata ta fito alwalar la'asar. Gangarawar butar na fara ji, sannan salatinta. Ƙashin ƙugu ne ya karye. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ba ta sake tsayuwa ba. Salla a zaune, daga baya a kwance.

Masu zuwa dubiya suna cewa tsufa ne, ƙaddara ce. Suna faɗa suna taka simintin a hankali, suna tattare zane.

Yanzu tayil ake yayi, har banɗaki, ga shi ya fi siminti santsi. Duk gidan da na shiga na tarar da tsoho, sai na tambayi mai gidan ko ya taɓa taka wurin da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Ana cewa na cika faɗa. Su ce. Kakata ta ƙare shekarunta tana kallon rufin ɗaki, kuma har ta rasu albarka take sa wa Bappa.